Gari na nutsewa, jaruma na ruwan ido: me ke damun littafi na biyu?

Maman Nur:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Ku yi haƙuri, yau da ƙorafi na zo, kuma maganar tana da ɗan tsawo.

Jiya sai wajen ƙarfe 3 na dare na rufe littafi na uku na wani jeri da na shafe sati biyu a kansa. Ba zan faɗi sunansa ba, na san akwai masu karanta shi yanzu a nan, kar na tona musu labari. Na ɗaya ya tafi da ni gaba ɗaya. Yarinya 'yar shekara 16, an la'anci garinsu, ruwa yana cinye shi unguwa bayan unguwa, kuma ita kaɗai ke iya karanta tsohuwar taswirar da kakanta ya bari. Sau biyu waya tana suɓucewa ta faɗo min a hanci saboda gyangyaɗi, ban fasa ba.

Sai na biyu. Wallahi sai da na ƙirga: babi 9 a jere babu wanda ya ambaci ruwan nan. Tana fada, yarima ya kalle ta, gabanta ya faɗi. Ta fita lambu, dogarin da suka taso tare ya kalle ta, gabanta ya sake faɗuwa. Ta koma ɗaki ta kasa barci. Washegari a maimaita. Ni kuwa hankalina yana kan mutanen garinta da muka baro a kan rufin ɗakuna suna jiranta.

Ba wai na ƙi soyayya ba ne, kar wani ya fassara ni. Abin da nake cewa shi ne, idan za a iya zare soyayyar daga labari kamar yadda ake zare tsinke daga tsintsiya, tsintsiyar ta ci gaba da shara ba abin da ya rage ta, to ciko ce kawai aka yi mana. Ko ni ce na tsufa da irin waɗannan littattafan? Shekarata 34 fa.

Autar Zaure:
Wa alaikumus salam Anti. Ni kam ki yafe ni, babi 9 ɗin nan su ne nawa 😭 Idan aka fara bayanin yaƙi da sunayen garuruwa tsallakewa nake yi, ina neman inda zai sake yi mata magana. Kowa da kiwon da ya karɓe shi.

Mai Taswira:
Auta, kin tsallake sunayen garuruwa? Innalillahi. Ni kafin na fara babi na ɗaya sai na yi minti goma a kan taswirar da ke shafin farko, na ga ina teku yake, ina duwatsu, ta ina runduna za ta bi. Yatsana guda yana nan a maƙale a shafin har na gama littafin.

Maman Nur, kin taɓo min inda yake min ƙaiƙayi. Amma ni a ganina ba soyayyar ce ta yi laifi ba. Marubuciyar ce ta manta da agogon da ita da kanta ta kunna. Ta ce mana ruwa yana hawa, to dole mu ji yana hawa a kowane babi, ko da jimla ɗaya ce. Da a ce kowane daren da yarinyar ta kwana a fada wata unguwa ke nutsewa, kuma ta sani, da kallon da yarima ke yi mata ya zama abin tashin hankali, ba abin gyangyaɗi ba.

Sarkin Musu:
Ku daina wahalar da kanku. Duk labari ɗaya ne aka sauya masa riga. Marainiya, shekara 16, ba ta san tana da kyau ba amma duk namijin da ya gan ta sai ya susuce. Wani tsohon boka ya yi duba shekara dubu da ta wuce cewa ita ce za ta ceci duniya. Ta yi atisayen takobi na sati uku ta kayar da sadaukin da ya shekara 30 yana yaƙi. Samari biyu, ɗaya mai fara'a ɗaya mai ɗaure fuska, kuma kowa ya san mai ɗaure fuskar za ta zaɓa. Na rubuta muku jerin littafi uku kyauta.

Autar Zaure:
Yaya Sarki, to me kake yi a zauren nan tun bara?

Sarkin Musu:
Bincike nake yi.

Anti Malama:
Bincike har da kuka a kan mutuwar dokin jaruma, mun gani a watan jiya. Bari na bar ka haka.

Maman Nur, matsalar littafin tsakiya tsohuwar cuta ce, kuma tana da dalili. Na ɗaya yana da aikinsa: ya buɗe mana duniya, komai sabo ne, ko ƙofa aka buɗe mamaki muke yi. Na uku ma yana da nasa: babban yaƙi, a biya bashi, a rufe. Na biyu fa? An hana shi fara komai, an hana shi gama komai. Ba shi da ikon kashe mugun sarki, ba shi da ikon haɗa masoya. To me ya rage masa in ba jan ƙafa ba? Hanya mafi sauƙi ta cika shafi 400 ba tare da an taɓa babban labari ba ita ce a kawo saurayi na biyu.

Ga kuma yadda ake rubuta su. Sau da yawa na farko marubuci ya yi shekaru yana gogarsa ba mai jiransa. Da ya karɓu, sai a ba shi wa'adi, masu karatu na ƙwanƙwasa ƙofa, a so na biyu ya fito cikin shekara guda. Abin da aka yi a natse da abin da aka yi ana duba agogo ba za su zo ɗaya ba.

Game da abin da Sarkin Musu ya lissafa kuwa, ba ƙarya ya yi ba, amma ba a nan gizo ke saƙar ba. Maraicin nan ba lalaci ba ne. Yarinyar da uwarta ke gida ba za ta tsallaka daji bakwai da tsakar dare ba, za a ce ta dawo ta kwanta. Dole marubuci ya kawar da manya kafin yaro ya sami filin yanke shawara da kansa, kuma wannan shi ne zuciyar labarin matasa. Tatsuniyoyi ma haka suke, marainiya ce kullum ake aika wa rafi mai nisa. Ba ƙashin labarin ake dubawa ba, naman da aka ɗora masa ake dubawa.

Maman Nur:
Anti Malama na gamsu da batun wa'adi. Amma ai akwai waɗanda suka yi samari biyu kuma bai zama ciko ba ko? Ina so a ba ni misali, don na san ba son zuciyata ke magana ba.

Yaya Sani:
Akwai. Duk da ba na tsafi ba ne, ɗauki The Hunger Games na Suzanne Collins, wanda ya fito a 2008, na biyu 2009, na uku 2010. Na san yawancinmu mun karanta, wanda bai karanta ba ya rufe ido. Yara 24 aka jefa fili su kashe juna ana nuna wa duniya a talabijin. Jarumar, Katniss, ta gane cewa idan ta nuna tana son Peeta, yaron da aka jefa su filin tare, masu kallo za su tausaya, masu kuɗi su aiko musu da taimako. Ta sumbace shi a kogo, sai ga tukunyar romo ta sauko daga sama. Daga nan ta fahimci lissafin. To kin ga soyayyar nan makami ce, da ita suke rayuwa, kuma ita kanta yarinyar ta kasa bambance inda wasan ya tsaya da inda gaskiya ta fara. Zare wannan daga labarin ki gani ko wani abu zai rage.

Sannan samarin biyu ba kyan fuska ya raba su ba. Gale mafarauci ne, cike da fushi, yana ganin a rama ko da me za a rasa. Peeta kuwa babban tsoronsa kada filin ya mayar da shi wani mutum daban. Idan ta zaɓi ɗaya, ta zaɓi irin mutumin da ita za ta zama bayan yaƙi. Waɗanda suka kwaikwaya daga baya sun ɗauki samari biyun, sun bar dalilin a baya.

Maman Nur:
Yauwa! Abin da nake ta laluben yadda zan faɗa ke nan. A nawa littafin da yarima da dogari duk abu ɗaya suke so, bambancinsu launin ido.

Sarkin Musu:
Laifin Twilight ne duk wannan. Tun da ya fito a 2005 aka raba duniya gida biyu, 'yan Edward da 'yan Jacob, wato samarin jarumar biyu, har riguna aka buga. Masu buga littafi suka ga musu yana sayar da kaya, shi ke nan kowace jaruma aka ba ta biyu.

Kuma tunda an zo wajen, bari na faɗi abin da ke ci min tuwo... a'a, bari na faɗa a sarari. Edward ɗin nan mashayin jini ne da ya haura shekara 100, yarinyar tana da 17. Yana shigowa ta taga cikin dare ya zauna yana kallonta tana barci ba ta sani ba. Da wani ne a zahiri, ihu za a yi a tara masa jama'a. Amma da yake an ce kyakkyawa ne, sai aka kira abin so.

Autar Zaure:
Amma Yaya ai labari ne. Ba wanda ya ce a yi haka a zahiri. Ni na san bambanci.

Anti Malama:
Auta, na yarda kin sani. Amma a nan ina bayan Sarkin Musu, kuma ba kasafai hakan ke faruwa ba, ku rubuta ranar. Ina koyar da 'yan mata masu shekarunki. Na taɓa ba su aikin rubuta gajeren labari, kusan rabin ajin jarumin nasu yana fizgar hannun yarinya, yana hana ta magana da kowa, yana fasa abu idan ya yi fushi, a ƙarshe a ce ai tsananin so ne. Na tambayi ɗaya daga cikinsu me ya sa bai ba ta haƙuri ba ko sau ɗaya. Ta dube ni da mamaki ta ce, “Malama, ai idan ya ba da haƙuri ya zama rago.”

Ban ce littafi ne kaɗai ya koya musu ba. Amma idan ka karanta labari 30, a cikin 25 mai kishi da tsawa shi ke samun yarinya, mai kirki kuma a kashe shi ko a mayar da shi ɗan rakiya, wani abu yana zama a rai. Ba na hana su karantawa. Tambaya nake yi musu: da ƙawarki ce ta ba ki labarin saurayinta haka, me za ki ce mata?

Autar Zaure:
Zan ce ta gudu 😅 To amma ƙiyayyar da ke komawa so fa? Ita ma laifi ce? Don ita na fi so a duniya.

Anti Malama:
Ba laifi ba ce, ni ma ina so. Sharaɗin dai a ga abin da ya sauya. Su fara a matsayin abokan gaba saboda dalili na gaske, ƙasarsa ta ci tasu da yaƙi misali. Tafiya ta haɗa su dole. Ya ga abin da mutanensa suka yi da idonsa, ya ji kunya, ya yi asarar wani abu don ya gyara. Wannan so ne da aka biya kuɗinsa. Wanda ba na so shi ne a shafi na 50 ya ɗora mata wuƙa a wuya, a shafi na 90 ta lura kafaɗarsa tana da faɗi, shi ke nan an yafe.

Mai Taswira:
Kalmar nan ta Anti, biya, ita ce komai, har a wajen tsafin. Tsafin da ba ya cin mai shi komai ba ya da daɗin karatu. A Wizard of Earthsea na Ursula Le Guin, tun 1968, yaro ne mai baiwa da girman kai. Don ya burge abokin hamayyarsa a makaranta ya kira ruhin matacciya, sai wata inuwa ta ɓalle ta shigo duniya, ta yage masa fuska, shugaban makarantar ya rasa ransa wajen rufe ƙofar da ya buɗe. Sauran littafin duk biyan bashin wannan daren ne. Littafi ne siriri, amma ya fi wasu masu shafi 700 nauyi.

Yanzu kuwa sai jaruma ta shiga tsaka mai wuya, ba hanya, kawai ta ji wani zafi ya taso mata daga ƙirji, haske ya fita daga tafin hannunta, maƙiya dubu su zube. Ba a taɓa gaya mana tana da wannan ba. Daga ranar na daina jin tsoro a kanta, kuma idan tsoro ya tafi, labari ya mutu.

Baban Yara:
Salam. Na daɗe ina karanta ku ban taɓa magana ba. Tambaya ce da ni, kuma don Allah kar a ɗauke ta da zafi. Duk wannan tsafi da bokaye da kiran matattu, hankalinku yana kwanciya ku ba yaro? 'Yata tana da shekara 13, ta fara nacin irin waɗannan, ni kuma raina bai natsu ba.

Uwar Zaure:
Baban Yara barka da fitowa. Tambaya ce mai kyau, kuma a amsa ta da ladabi don Allah. Wanda ya kauce zan goge.

Yaya Sani:
Malam, ba kai kaɗai ba ne, kuma ba yau aka fara ba. A Amurka ma, ƙungiyar ɗakunan karatu ta ƙasar ta fitar da jerin littattafan da aka fi kai ƙara a cire su tsakanin 2000 da 2009, Harry Potter ne ya zo na ɗaya, galibi saboda batun sihiri. Iyaye ne irinka suka damu.

Ni ga yadda nake kallonsa, hukunci kuma na bar wa malamai. Mun taso da labaran aljanu, zoben da ake murzawa, dokin da ke tashi sama. Dare Dubu da Ɗaya cike yake da su. Ruwan Bagaja ma, tun 1934, ai tafiya ce ta neman ruwan da zai warkar da ɗan sarki, har da aljanu a hanya. Ba mu tashi muna neman zoben ba, mun san almara ce. Abin da zan duba shi ne me labarin ke yi da tsafin: yana nuna shi a matsayin gajeriyar hanyar samun abin da kake so ba tare da sakamako ba, ko kuwa kayan ado ne kawai a labarin da ainihinsa jarumta ne da riƙon amana? Kai ka san 'yarka. Ka karanta na farko tare da ita, za ka ji irin tambayoyin da take yi.

Anti Malama:
Baban Yara, zan ƙara maka da abin da ni ya fi damuna a kan 'yar shekara 13, kuma ba tsafin ba ne. Bango. Asali littattafan matasa ana nufin masu shekara 12 zuwa 18. Amma yanzu akwai na manya zalla masu irin wannan bangon sak: takobi, kambi, fure mai ƙaya, rubutun zinare. A Court of Thorns and Roses na Sarah J. Maas ya fito a 2015 a sahun na matasa, jerin yana tafiya shimfiɗar da ke ciki tana ƙara fitowa fili, daga baya aka sake masa bango aka mayar da shi sahun manya. Kuma a TikTok duk a kwando ɗaya ake tallarsu.

Ni kaina na taɓa faɗawa. Na saya wa 'yar yayata wani littafi saboda dodo mai fuka-fuki da na gani a bango. Allah ya taimake ni na buɗe tsakiya kafin na naɗe shi. Sakin layi biyu na karanta na rufe, na zauna ina salati. Tun daga ranar dokata uku ce: na duba shekarun jarumar, idan ta kai 19 ko 20 na san ba na yara ba ne, na nemi sharhin masu karatu a intanet, sannan na buɗe wajen kashi biyu cikin uku na littafin, don a nan ake ɓoye abin.

Baban Yara:
Na gode ƙwarai. Wannan na bangon ban taɓa sani ba. To da wanne za ta fara?

Mai Taswira:
Percy Jackson na Rick Riordan, jerin farko littafi 5, daga 2005 zuwa 2009. Yaron yana da shekara 12 a farko. Sai dai ka sani tun yanzu, an gina shi a kan tatsuniyoyin allolin Girkawa ne, ka duba ko ka aminta da wannan. Marubucin malamin makaranta ne a lokacin, ya fara ƙirƙiro labarin don ɗansa mai fama da wahalar karatu da rashin natsuwa, shi ya sa ya ba jarumin irin wannan lalurar. Babi gajeru, ga ban dariya.

Kuma Maman Nur, ga amsarki a nan ma. Shi da yarinyar da suke tafiya tare sun haɗu suna 12, suna faɗa, suna ceton juna, sai a ƙarshen na 5 suka daidaita suna 16. Ba a taɓa tsayar da tafiya don su kalli juna ba, a cikin gudun abin ya ginu.

Autar Zaure:
Littafi BIYAR kafin su daidaita? Ni da na mutu.

Sarkin Musu:
Ga matsalar zamani a jimla ɗaya.

Maman Nur:
Ku bar min Auta. Ni ma ina 17 haka nake. Wanda ya dawo da ni kan tambayata ta ƙarshe da kowa ya tsallake: ko dai na girmi littattafan ne? Ranar nan a ɗakin jira na asibiti wata mata ta leƙo wayata ta ce me nake karantawa haka na ƙura ido. Na ce mata rahoton aiki ne. Rahoton aiki! Alhali yarinya ce ke hawan dodo.

Yaya Sani:
Hhhh rahoton aiki. Kwantar da hankalinki. Wani binciken kasuwar littafi da kamfanin Bowker ya yi a Amurka a 2012 ya nuna kashi 55 cikin 100 na masu sayen littattafan matasa sun kai 18 ko sun wuce, kuma yawancinsu wa kansu suke saya. Ku ne kasuwar. Ki tuna kuma wanda ya fara Harry Potter a 1997 yana ɗan shekara 11, ya gama na 7 a 2007 yana 21. Tare suka girma, kuma ba su ajiye ɗabi'ar ba.

Ni abin da ke mayar da ni gare su shi ne komai a cikinsu karo na farko ne. Tsoro na farko, cin amana na farko, ranar farko da ka gane babban da kake girmamawa yana iya yin ƙarya. Littafin manya yakan fara ne bayan mutum ya riga ya gaji.

Anti Malama:
Amma akwai gefe na biyu, Sani. Tunda mu manya ne ke riƙe da kuɗin, mu ake rubuta wa. Shi ya sa jarumar ke da shekara 17 a takarda amma tana tunani kamar 'yar 28, shi ya sa kuma soyayyar ke ƙara zafi kowace shekara. Ɗan shekara 13 na gaske, wanda aka ƙirƙiri sahun dominsa, ya zama baƙo a ɗakinsa. 'Yar Baban Yara ke nan. Ba na cewa mu daina karantawa, ni ce ta farko da za ta karya dokar. Amma mun cinye musu wuri.

Maman Nur kuma, ba girmar littattafan kika yi ba. Kin karanta da yawa ne har kin fara ganin ɗinkin. Auta tana kan na goma, ke kina kan na ɗari biyu.

Ƙanwar Kowa:
Na zo a makare, na karanta tun daga sama. Ba wanda ya ambaci namu na Afirka? Children of Blood and Bone na Tomi Adeyemi, 2018. Ranar da na fara ganin addu'o'in tsafin da Yarabanci, jaruma baƙa mai farin gashi, ba dusar ƙanƙara ba fadar Turawa, sai da na ajiye littafin na ɗan yi shiru. Ban san ina kewar abin ba sai da na gan shi.

Sarkin Musu:
Na karanta. Duniyar ta burge ni, ba musu. Amma ki faɗi gaskiya: wa ta faɗa so? Ɗan sarkin da ya kashe uwarta, wanda ke farautarta da runduna. Riga ce ta gida, jikin kuwa wanda na lissafa muku ne tun da safe.

Ƙanwar Kowa:
Uban ne ya sa aka kashe, ba ɗan ba. Kuma shi yariman yana ɓoye irin baiwar da aka koya masa ya tsana, wannan ai ciwo ne na gaske. Na yarda dai soyayyar ta yi sauri. Abin da ya fi ƙona min rai daban ne: na biyu ya fito 2019, ya tsaya a daidai wajen daɗi, na uku sai 2024. Shekara 5! Na fara ina ɗaliba, na gama ina goyo. Da ya iso na manta rabin sunayen.

Mai Taswira:
Shi ya sa na yi rantsuwa ba na fara jerin da ba a kammala ba. Sai na ga na ƙarshe ya fito da idona.

Yaya Sani:
Idan kowa ya yi irin taka, na ƙarshen ba zai taɓa fitowa ba. Cinikin na ɗaya ake dubawa kafin a buga na uku. Kana zaune a inuwa muna shan rana dominka.

Mai Taswira:
Allah ya saka muku da alheri, ku ci gaba.

Anti Malama:
Yanke labari a wajen daɗi ba sabon abu ba ne, da shi Shahrazad ta tsira da wuyanta dare dubu da ɗaya. Bambancin, ita washegari take ci gaba.

Maman Nur:
To ni dai na sami abin da na zo nema. Sai dai ban gaya muku ƙarshen ba: a na uku, dogarin ya mutu a shafi na 60, ta yi kuka na rabin shafi, ba a sake ambatarsa ba. Babi 9 aka ci min a kansa.

Autar Zaure:
ANTI!!! Taswirar kaka, gari na nutsewa, dogari... INA BABI NA 4 A NA UKUN 😭😭😭

Maman Nur:
Innalillahi. Auta, ai ban faɗi suna ba.

Autar Zaure:
Shi nake so ta zaɓa.

Uwar Zaure:
Maman Nur, doka ta 2, ta hana tona labari, tana nan a maƙale a sama, kuma ke kika rubuta ta. Na goge saƙon, amma Auta ta riga ta gani. Hukuncinki: ke za ki jagoranci karatun wata mai zuwa, kuma Auta ce za ta zaɓi littafin.

Autar Zaure:
Na riga na zaɓa. Samari uku ne a ciki.